Jan Zobo, Tsaminsa da Baurinsa: Abin da Binciken Giyar Inabin Faransa Ya Koya Mana

Ka tuna wata Alhamis ta watan Afrilu a kasuwar Shinkafi, ko wata azahar a tashar motar Kaura Namoda. Rana ta take, maƙogwaro ya bushe, sai ga yarinya da kula cike da zobo mai sanyi. Ka miƙa kuɗi ka kwankwaɗa. Kafin ka sauke gorar abubuwa uku sun faru: idonka ya ga ja, harshenka ya ji tsami, bayan ka haɗiye kuma ka ji bakinka ya ɗan ɗaure, irin baurin da goro kan bari.

Waɗannan abubuwa uku, launi da tsami da bauri, su ne ginshiƙan da masana a Faransa suka fi shekara 150 suna nazari a kan jar giyar inabi. Kada ka yi saurin rufe shafin, ba tallar giya muka zo yi ba. Addininmu ya haramta ta, a Zamfara kuma doka ma ta hana tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Dalilinmu shi ne, an yi bincike mai yawa a kan giyar inabin Faransa, kuma sinadaran da aka gano a cikinta 'yan uwan waɗanda ke cikin soborodo ne. Wanda ya fahimce su zai san yadda ake dafa zobo mai kyau, da abincin da ya dace da shi, da lokacin da ya kamata a zubar da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci.

Abin da kake sha ba fure ba ne

Zobo daga yakuwa yake, wadda mutanen Zamfara da Sakkwato suka fi kira sure. Sunanta na kimiyya Hibiscus sabdariffa. Danginta ɗaya da rama da kuɓewa da kuka da auduga. Ka ga ashe audugar da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, 'yar uwar sure ce. Idan ka dubi furen kuɓewa ka dubi na sure za ka ga kamar.

Furen sure fari ne mai ɗan rawaya da jan tsakiya, kuma kwana ɗaya yake yi ya faɗi. Bayan ya faɗi, ƙoƙon da ke riƙe da shi daga ƙasa sai ya yi ta kauri yana ja, har ya lulluɓe kwanson iri. Wannan ƙoƙon shi ake ɓarewa a shanya, shi ne soborodo. Tsiron yana jiran rana ta fara gajarta kafin ya yi fure, shi ya sa ko an shuka shi tun farkon damina sai wajen Satumba da Oktoba yake fure, a girbe shi da kaka zuwa farkon hunturu. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, yana kuma jure ƙasa mai yashi, don haka a Zurmi da Shinkafi za ka gan shi a gefen gonar gero ko gyaɗa, sau da yawa a matsayin alamar iyaka.

Babu abin yarwa a jikinsa. Ganyen na miya ne, 'ya'yan kuma, wato gurguzu, da su ake daddawar batso. Ƙoƙon kuwa ya zagaya duniya: a Senegal bisap, a Ghana sobolo, a Sudan da Masar karkade, a Meziko kuma jamaika. Mezikon ma tana cikin manyan masu sayen soborodon Najeriya, wanda ake tarawa a kasuwanni irin ta Maigatari a Jigawa kafin a yi Legas da shi.

Yadda ake yin jar giyar inabi, a taƙaice

Bari mu leƙa yankin Bodo da ke kudu maso yammacin Faransa, inda aka fi noman inabi iri biyu, Merlot da Cabernet Sauvignon. Abin da zai ba ka mamaki, idan ka matse jan inabi ruwan da zai fito kusan fari ne. Jan yana cikin fatar. Saboda haka bayan an girbe inabin wajen Satumba da Oktoba, ana farfasa shi a bar ruwan tare da fata da ƙwallayen a cikin babbar ganga, mako ɗaya zuwa uku ko fiye. A nan launi da bauri suke fita daga fata su shiga ruwa. Daidai abin da ke faruwa kenan idan ka jiƙa soborodo.

A cikin gangar kuma akwai yis, wata ƙaramar halitta mai rai da ido ba ya gani, irin wadda ake sa wa burodi da fanke. Yis yana cin sukarin inabi, ya fitar da abu biyu: barasa da iskar kabon. Lissafin a bayyane yake. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da kusan giram 92 na barasa da giram 88 na iskar. Masu sana'ar suna ƙiyasta cewa duk giram 17 na sukari a lita ɗaya yana zama kashi 1 cikin ɗari na barasa. Ruwan inabin da ya nuna yana ɗauke da sukari giram 200 zuwa 240 a lita, shi ya sa jar giya kan tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 14. Riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Bayan yis ya gama, wasu bakteriya sukan sassauta tsamin, sannan a zuba a gangunan katako masu cin lita 225 a ajiye shekara ɗaya ko fiye. Katakon yana ba da ƙamshi. Ɗaya daga cikin sinadaran da yake bayarwa, yujinol, shi ne ainihin ƙamshin kanumfari. Wato abin da Bafaranshe ke jiran wata goma sha biyu ya samu daga ganga, mai zobo a Kaura tana samun sa da kanumfari ƙwaya biyar a cikin minti goma.

To bambancin yana nan: zobo jiƙo ne kawai, an tsaya a matakin farko. Ba a gayyaci yis ba. Matsalar ita ce shi yis ba ya jiran gayyata. Amma bari mu fara da ginshiƙan uku.

Launi

Jan soborodo daga wasu sinadarai yake da ake kira antosayanin. Su ne ke cikin fatar jan inabi, da jar albasa, da karan dafi. Na soborodo manya biyu ne, dalfinidin da sayanidin, na inabi kuwa wanda ya fi yawa malbidin. Gida ɗaya ne, ɗaki ne daban.

Halin antosayanin shi ne sauya launi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Za ka iya gwadawa yau a gida. Zuba zobo marar sukari a kofin gilashi biyu. A na farko matsa lemon tsami, za ka ga jan ya ƙara haske. A na biyu ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, za ka ga yana komawa shuɗi-shuɗi, daga nan ya yi duhu mai kore-kore. Abin da ɗalibai ke yi kenan a ɗakin gwaji da takardar auna tsami, sai dai naka ya fi araha. Malaman kimiyya na sakandare a Zurmi ko Shinkafi da ba su da kayan gwaji, ga darasi nan mai araha.

Wannan yana bayyana abubuwa da yawa. Masu sa kanwa don kashe tsami suna kashe launin ma, shi ya sa zobonsu kan yi baƙi-baƙi. Zafi mai tsawo yana wargaza antosayanin, don haka zobon da aka bari yana tafasa awa guda yakan koma ruwan ƙasa. Rana ma tana cin sa, haka tsatsar tukunya. Idan ke ce mai dafawa, ki wanke soborodon da ruwan sanyi da sauri don fitar da ƙasa, ki tafasa ruwa tare da citta da kanumfari, ki zuba soborodon ya ɗan tafasa, ki sauke ki rufe na minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan ki tace. Launin zai fi, ƙamshin zai fi, itacen ma ya ragu.

Wani abu da ya kamata mu gyara: jan zobo ba shi da alaƙa da jan jini. Jini ja ne saboda himogulobin, wani furotin mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Zobo ja ne saboda launin tsiro. Mai ƙarancin jini, musamman mai ciki ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, asibiti zai je a auna shi, a ba shi magani da abinci irin hanta da nama da wake. Kada launi ya ruɗe ka.

Tsami

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH. Ruwa zalla yana kan 7, duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne. Jar giyar inabi tana wajen 3.3 zuwa 3.7. Zobo mai kauri yana ƙasa da haka, wajen 2.5 zuwa 3. Kuma ma'aunin ba irin na awon mudu ba ne: duk sauka ɗaya yana nufin tsami ya ninka sau goma. Kenan zobo ya fi giyar inabi tsami nesa ba kusa ba.

Tsamin inabi yawancinsa daga asid ɗin tatarik ne, wanda shi ne ke cikin tsamiya. Soborodo yana da nasa na musamman da aka raɗa wa sunan tsiron, tare da irin na lemon tsami da wasu. Tunda haka ne, zobo na gaskiya ba ya buƙatar ƙarin ɗan tsami. Wanda ke ƙara ɗan tsami da kala, galibi ruwa ya yi wa yawa yana neman rufe asiri.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane a Kano sun kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu sun rasu, bayan sun sha abin sha na gari da aka haɗa da abin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta ce ta gano wani sinadarin masana'antu ne mai guba, haidiroksilamin. Farin gari a ƙullin leda ba shi da suna a goshi. Idan ana son ƙarin tsami, ga lemon tsami ga tsamiya.

Tsami kuma yana cin ƙarfe. A nan ma Turawa sun riga mu shan wahala. Tun ƙarni na 16 aka riƙa samun wani mugun ciwon ciki mai kai wa ga shanyewar hannu a yankin Puwatu na Faransa, har aka sa wa ciwon sunan yankin. A 1696 wani likita a birnin Ulm na Jamus, Eberhard Gockel, ya nuna cewa irin wannan ciwo yana zuwa ne daga dalmar da ake zuba wa giyar inabi mai tsami don ta yi zaƙi. Mu a Zamfara ba sai an faɗa mana mene ne gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma akwai wata ƙofar da ba a cika lura da ita ba. Binciken da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna cewa tukwanen alminiyam na ƙirar gida, waɗanda ake zubawa daga narkakkun tarkacen inji da makamantansu, wasunsu suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Ba kowace tukunya ba ce, amma ido ba ya bambancewa. Don haka a dafa zobo a tukunyar ƙarfe marar tsatsa idan da hali. Idan babu, a tafasa ruwan a tukunyar da ake da ita, a juye a kan soborodon a wani mazubi mai tsabta. Abin da za a guje wa shi ne barin zobo ya kwana a irin waccan tukunyar.

Bauri

Bauri ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko gishiri, taɓawa ce. A cikin yawunka akwai furotin da ke sa baki santsi. Wasu sinadaran tsiro, musamman tanin, suna kama wannan furotin su dunƙule shi, sai santsin ya tafi, harshe ya riƙa gogar dasashi. Tanin shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma aikin iri ɗaya ne: kama furotin. Idan ka ci goro ko ɗanyen kanya, ɗan ƙaramin jima ne ake yi a bakinka.

Jar giyar Bodo tana da tanin mai yawa daga fata da ƙwallo da katako, shi ya sa ake ajiye ta shekaru kafin ta yi laushi. Baurin zobo bai kai nan ba, amma yana nan, kuma yana ƙaruwa idan aka daɗe ana dafawa ko aka matse tuƙar da ƙarfi wajen tacewa. Ɗan bauri ado ne. Shi ke sa zobo ya bambanta da ruwan kala mai sukari.

Me ya dace a ci da shi?

Faransawa suna haɗa jar giya da jan nama mai kitse, kuma kimiyya ta bayyana dalili. A 2012 wata tawaga ƙarƙashin Paul Breslin a Amurka ta buga bincike a mujallar Current Biology, inda aka ba mutane nama mai maiƙo suna korawa da shayi ko da ruwa. Sun gano cewa kurɓar abu mai bauri tsakanin loma da loma tana rage jin maiƙo a baki fiye da ruwa. Maiƙo yana sa santsi, bauri yana cire shi, sai baki ya dawo daidai. Ka lura da shayi aka yi gwajin, ba a buƙaci barasa ba.

Da wannan za ka iya tsara naka. Balangu mai kitse, tsire, dambun nama, ko naman Sallah da aka soya: nan zobo mai kauri, mai ƙarancin sukari, yake nuna kansa. Tsamin yana tsinko yawu, baurin yana share maiƙo, loma ta goma ta yi daɗi kamar ta farko. Haka abin yake da kayan suya irin ƙosai, awara, masa da fanke, shi ya sa zobo ya zauna daram a faifan buɗa-baki. Hoce kuwa, da yake busasshe ne mai nauyi, zobo marar kauri sosai ya fi saukar da shi.

Kilishi mai yaji fa? Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, don haka nono ya fi komai kashe shi. Zaƙi da sanyi suna ɗan taimakawa. Idan da kilishi za ka sha, ka rage cittar, domin citta da barkono ƙofa ɗaya suke bugawa a harshe, zafi kan zafi ne.

Akwai inda ba ya shiga. Alkaki da nakiya sun fi shi zaƙi, kuma ƙa'ida ce cewa idan abinci ya fi abin sha zaƙi, abin shan zai koma tsami zalla a bakinka. Tuwo da miyar sure ma tsami kan tsami ne, ruwa ya fi. Madarar shanu sabuwa kuwa, idan ka zuba ta a zobo za ta guntse nan take, domin furotin ɗin madara yana dunƙulewa da zarar pH ya sauka wajen 4.6. Ba guba ba ce, hanyar da nono ke kamawa kenan, amma ba daɗin gani.

Baƙon da ba a gayyata ba

Yanzu mu koma kan yis. A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi Louis Pasteur ya binciko abin da ke lalata giyar inabin Faransa, wadda ke tsami a hanya kafin ta isa Ingila. Pasteur ya duba da madubin ƙara girma, ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke yin aikin: yis yana mai da sukari barasa, wasu bakteriya kuma suna mai da barasar ruwan khal. Ya kuma nuna cewa ɗumama abin sha zuwa digiri 50 zuwa 60 na ɗan lokaci yana kashe su. Ya buga littafinsa a 1866. Wannan dabarar ce daga baya aka ɗauka aka yi wa madara, kuma ta ceci rayukan yara masu yawa a duniya.

Ga yadda ya shafe ka. Tsamin zobo yana hana bakteriya da yawa sakewa, amma yis da fumfuna suna son tsami. Suna cikin iska, a hannu, a ɓawon abarba, a gorar da aka tsinto ba a wanke da kyau ba. Tafasa tana kashe su, amma yawanci bayan an sauke ne ake ƙara ruwan sanyi da sukari da abarba da kokwamba, sai a sake shigo da su. Yis ya fi sauri a zafin digiri 25 zuwa 35. A bazarar arewacin Zamfara, inda zafi ke kai wa digiri 40 kuma wutar lantarki sai an gani, da zarar ƙanƙarar kula ta narke an ba shi ɗaki da tabarma.

Dawo da lissafin nan. Zobon da aka yi wa zaƙi kamar lemon kwalba yana da sukari kusan giram 100 a lita. Raba da 17, ka samu kusan 6. Wato da za a bar yis ya cinye sukarin duka, zobon zai iya kai wa kashi 6 cikin ɗari na barasa. Wannan yana ɗaukar kwanaki, kuma zobon safe da aka sha da yamma bai kama hanyar nan ba, kada ka ɗaga hankalinka. Amma alamomin farawa a bayyane suke: leda ta kumbura ta yi tauri, gora ta yi tsit idan an buɗe, ƙananan kumfa suna tasowa, ƙamshin ya koma irin na ƙullun da ya tashi, zaƙin ya ragu, harshe yana jin tsirawa. Idan ka ga farin abu yana yawo a sama, fumfuna ce ko yis. A zubar.

Magabata sun san wannan iyaka tun kafin madubi. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, busasshen inabi a ruwa, yana sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba ya ajiye shi. Hukunci na malamai ne, mu namu bayanin abin da ke faruwa a cikin gorar. Abin da za mu ce shi ne, zobo mai sukari da ba ya cikin sanyi, kwana ɗaya zuwa biyu ne ƙarshensa.

Ga mai sana'a, dabarar Pasteur tana aiki a madafinki. Duk ruwan da zai shiga zobo ya zama tafasasshe, kada a tsinka da ɗanyen ruwa. Ki sa sukari da kayan ƙamshi tun yana kan wuta. Ɓawon abarba a wanke a dafa shi tare. Ki wanke gorori da sabulu da ruwan zafi. Ƙanƙara ta zauna a wajen gora, kada a jefa ta ciki, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifot. Idan kina son ajiya, ki ajiye jiƙon mai kauri ba sukari, ki haɗa na rana ɗaya kawai. Kuma kada a juye ragowar jiya a cikin na yau. Wannan daidai yake da zuba tsohon ƙullu a sabo don ya tashi.

Hawan jini, magani da sukari

Maganar cewa zobo yana sauke hawan jini tana da tushe. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga gwajin da suka yi da mutum 65 masu hawan jini marar tsanani. Waɗanda suka sha kofi uku na jiƙon soborodo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, na sauran kuwa da kusan 1. Sauka ce ta gaske, amma ba ta kai a ajiye maganin asibiti ba. Idan kana shan maganin hawan jini kuma kana shan zobo mai kauri kullum, ka gaya wa likitanka, kada biyun su haɗu jinin ya yi ƙasa da yawa.

Kada kuma ka kora ƙwayar magani da shi. Wani bincike a Sudan a 1994 ya nuna cewa karkade da ruwan tsamiya da na lemon tsami sun rage yawan kulorokwin da ke shiga jini. An daina dogaro da kulorokwin a Najeriya, amma darasin yana nan: magani da ruwa ake sha. Masu juna biyu kuma likitoci suna ba su shawarar su yi taka-tsantsan da mai kauri, saboda abin da aka gani a gwajin dabbobi.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Gorar rabin lita ta zobo mai zaƙin lemon kwalba ta cinye wannan kason ita kaɗai. Wanda ke shan irin wannan don maganin hawan jini, ya toshe ƙofa ne ya bar taga a buɗe. Tsami yana ɓoye zaƙi, shi ya sa ba ka jin yawansa. Ka riƙa rage cokali ɗaya duk mako, harshe yana sabawa.

Abu na ƙarshe

A 1935 Faransa ta kafa dokar da ke ɗaure sunan abin sha da ƙasar da aka noma shi da yadda aka sarrafa shi, ta yadda ba wanda zai rubuta Bodo a kwalba sai daga can ta fito. Wannan ya sa manominsu yana sayar da suna, ba nauyi kawai ba. Namu soborodon kuwa a buhu yake tafiya, na Zurmi da na Maigatari da na Maraɗi a gauraye, kuma rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa. Duk da haka akwai aikin da za a iya farawa da abin da ke hannu: a shanya a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, a ware baƙin ja daga mai haske, a adana a inuwa inda ba laima. Ɗaliban kimiyya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda kuma za su iya auna launi da tsamin soborodon ƙauyuka daban-daban su rubuta, da kayan aiki kaɗan.

Kai kuma, in ka sake tsayar da mai kula a kasuwa, ka ɗaga gorar ka duba ta a haske, ka saurari murfin lokacin buɗewa, ka shinshina kafin ka kurɓa. Idan ja ne garau, ba kumfa, ƙamshin kanumfari da citta ne ke tashi, to bismillah. A sha lafiya.